Ina jin harsuna huɗu, mastas a kan jin harsuna da yawa zai kai ni ga aikin tafinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Na gama digirina na farko a Faransanci, kuma tun ina yarinya ina jin Hausa da Fulatanci, ga Turanci na makaranta, harsuna huɗu kenan. Naga wasu jami'o'i suna yin mastas a kan yadda mutane ke rayuwa da harshe fiye da ɗaya, raina ya biya sosai, amma yayana yace ɓata lokaci ne tunda na riga na iya harsunan me kuma za'a koya min. Ni burina in zama tafinta ko in yi aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Kwas ɗin zai kai ni can? Me ya kamata in fara shiryawa tun yanzu?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya albarka a karatun. Naji daɗin tambayar nan wallahi, don yawanci sai ɗalibi ya shiga kwas ɗin yayi wata uku sannan yake zuwa min da ita, ke kuwa kin yi tun kafin ki cike fom.

Yayanki yana da rabin gaskiya. Wannan mastas ɗin ba ajin koyon yare bane, ba zai ƙara miki harshe na biyar ba, duk wanda ya shiga da wannan tunanin zai sha mamaki ranar da aka fara darasin ƙididdiga. Inda ya kuskure shine ɗaukan cewa wanda ya iya harsuna ya san yadda suke aiki a kan mutum da kuma cikin jama'a. Kinga ke yanzu kina jin huɗu, amma in na tambaye ki me yasa kike ƙirge da wani harshen, in ranki ya ɓaci wani daban ne yake fara fitowa, kuma akwai wanda ba zaki taɓa yiwa kakarki magana dashi ba ko da tana ji, zaki ce min haka kawai kika tashi kika ganki. To wannan haka kawai ɗin shi ake zama shekara ɗaya ko biyu ana tonawa. Tun 1965 masanin harshe Joshua Fishman ya dunƙule fagen a tambaya guda, wa ke magana da wane harshe, da wa, kuma yaushe, har yau kuma ba'a gama amsa ta ba.

A ajin zaki haɗu da walwalar harshe, wato harshe a cikin al'umma, me yasa wani yake samun daraja a kotu da ofis wani kuma a barshi a tsakar gida, da yadda zuri'a ke sakin harshen kakanninta daga kan kaka zuwa kan jika ba tare da kowa ya hana ta ba. Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa, yadda yaro ke ɗaukan harshe biyu lokaci guda. Da can masana cewa suke harshe biyu yana rikita yaro yana rage masa kaifin basira, sai a 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yara 'yan shekara goma a Montreal ta Kanada, suka tarar masu jin Faransanci da Turanci sun ma fi masu harshe ɗaya a gwaje-gwajen. Binciken baya da yawa kuwa yaran baƙi matalauta aka riƙa kwatantawa da 'ya'yan masu hali sannan a ɗora laifin a kan harshe. Ki riƙe wannan misalin da kyau, irin idon da kwas ɗin ke so ya baki kenan, ki kalli sakamako ki tambaya su wa aka gwada, da me aka kwatanta su. Ko maganar cewa jin harshe biyu yana ƙara kaifin tunani ma har yanzu ana ja-in-ja a kanta tsakanin masana, kar ki shiga aji kina rantsuwa da ita.

Sai gauraya harsuna a magana ɗaya, irin abin da muke kira Ingausa. Mutane na ganin lalaci ne ko rashin iya kowanne, amma Carol Myers-Scotton da ta naɗi hirar masu haɗa Swahili da Turanci a Nairobi ta nuna abin yana da doka, harshe ɗaya ne ke riƙe ginin jimlar ɗayan yana zuba kalmomi, kuma mai magana baya yankawa a inda yaga dama. Ki saurari kanki gobe zaki ji.

Ɓangaren da ni yafi taɓa min zuciya shine na makaranta. Jim Cummins ya nuna yaron da ya shiga sabon harshe yakan iya hirar wasa dashi cikin shekara biyu, amma harshen karatu, wanda zai fahimci tambayar jarabawa ya rubuta bayani dashi, yana cin shekara biyar zuwa bakwai. Malami yaji yaro na zuba surutu sai ya ɗauka ya iya, in ya faɗi jarabawa ace daƙiƙi ne, alhali tambayar ce bata shiga ba. Yara nawa aka yanke wa hukunci a haka, Allah kaɗai ya sani. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwajin Ife, aka koyar da yara duk shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi kawai, kuma yaran basu koma baya ba har a Turancin. UNESCO ma tun 1953 take cewa a fara karantar da yaro da harshen uwa. Duk da haka har gobe ƙasashe na ta kai gwauro suna kai mari a kan wannan, shi yasa ake buƙatar mutanen da suka san hujjar kuma suka san yadda ake tsara manhaja da horar da malamai.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Kince tafinta kike son zama. In dai irin tafintan manyan taruka kike nufi, masu zama a ɗakin gilashi da abin saurare a kunne, gaskiya wannan mastas ɗin ba shine hanyar ba, akwai nasu daban na tafinta zalla, irin wanda ake yi a Jami'ar Geneva ko makarantar tafinta ta ESIT a Paris, kuma sai kin ci jarabawar shiga ta baka. Sana'a ce ta horo kamar tuƙin jirgi, kina sauraro kina magana a lokaci guda kina biye da mai jawabi da 'yan daƙiƙu, nauyin da take ɗorawa kai yasa mutum biyu ke zama a ɗaki suna karɓar juna kusan duk rabin awa. Salon ya samu gindin zama ne a shari'ar shugabannin Nazi da aka fara a birnin Nuremberg na Jamus a 1945, da Turanci da Faransanci da Jamusanci da Rashanci. A wajensu harsunan mutum aji uku ne, A shine wanda kika fi ƙarfi a ciki, B wanda kika ƙware har zaki iya fassarawa zuwa cikinsa, C kuma wanda kike fahimta sarai amma daga shi kawai kike fitowa. Ki zauna tsakaninki da Allah ki jera naki huɗun a haka. Da yawanmu a nan muke gano cewa harshen da muka sha a nono bamu taɓa tattauna kasafin kuɗi ko dokar ƙasa dashi ba, wanda muka yi karatu dashi kuma bai zauna a bakinmu kamar na gida ba, kowanne da gurbinsa da sai an cike.

Ki kuma duba kasuwar. Majalisar Ɗinkin Duniya harsuna shida take aiki dasu, Larabci, Sinanci, Turanci, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Tarayyar Turai 24. ECOWAS uku, Turanci da Faransanci da harshen Fotugal. Tarayyar Afirka ta ƙara Swahili cikin harsunan aikinta a 2022. Kenan a irin waɗannan wuraren Turancinki da Faransancinki ne jarinki. Hausa da Fulatanci kuwa suna da tasu kasuwar, aikin agaji da lafiya, kotu, gidajen rediyo, kamfanonin fasaha, kuma a can masu horo na gaske sun yi ƙaranci. Tafintan asibiti ko na wajen tantance 'yan gudun hijira ba ƙaramin aiki yake ba, kalma ɗaya in ta karkace zata iya canza maganin da za'a ba mutum ko hukuncin da za'a yanke masa.

To shi mastas ɗin da kika gani ina yake kaiwa? Yana kaiwa ga tsara manufar harshe a ma'aikatun ilimi da ƙungiyoyi, rubuta kayan karatu, tsara jarabawar harshe, bincike har zuwa digirin digirgir, da aikin fasahar harshe. Amma fa takardar ita kaɗai bata da sunan sana'a a jikinta yadda ta likita ko lauya take da shi, ba wanda zai buga tallan aiki yace yana neman masanin jin harsuna da yawa. Abin da mai ɗaukan aiki zai tambaye ki shine me kika iya yi da hannunki. Ɗaliban da na gani sun samu shiga da wuri duk waɗanda suka ɗaura wa karatun wata sana'a guda ne tun zangon farko, wannan ya riƙe ƙididdiga, waccan ta riƙe horar da malamai, wani ya riƙe fassara. Masu cewa bari a gama tukun a gani, su suka fi shan wahala, kuma ba don basu da ƙoƙari ba.

Saboda haka kundin bincikenki ki ɗauke shi a matsayin takardar neman aiki. In ƙungiyoyin agaji kike hari, ki binciki yadda saƙon riga-kafi ke sauyawa in ya bi ta harshe biyu kafin ya isa ga uwa. In fasaha ce, ki tattara ainihin maganar mutane mai gauraye ki nuna inda manhajojin gane murya ke tuntuɓe. Google Translate ya saka Hausa tun 2013 amma har yanzu injinan nan na neman mutanen da zasu duba aikinsu su ce nan an yi daidai nan an yi shirme kuma ga dalili, su Masakhane masu aikin fasahar harsunan Afirka ƙofarsu a buɗe take ga mai son koyo, Common Voice na Mozilla ma yana karɓar muryoyin Hausa.

Wajen zaɓen jami'a kar sunan kwas ya ruɗe ki, ki buɗe jerin darussan ki karanta ɗaya bayan ɗaya. Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan ta buɗe nata a garin Leeuwarden inda harshen Frisiya ke zaune da na Holan, Konstanz a Jamus nada nata, Luxembourg ma haka, ƙasar da ita kanta harsuna uku take aiki dasu. Wani ya karkata ga gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa wani ga siyasar harshe da makaranta, ba ɗaya bane sam. Ki duba akwai zangon sanin makamar aiki a ciki ko babu, ki duba akwai malamin da ya taɓa aiki a kan irin harsunanki da zai iya duba kundinki, in ya samu ki tura masa saƙo gajere kafin ki nema. A Ingila yawanci shekara ɗaya ne, a Jamus biyu, kuma in kuɗi ya bari ni na fi son mai shekara biyun ga wanda bai taɓa yin kimiyyar harshe ba, don shekara ɗaya kafin ki gane inda kika dosa an ce kawo kundi. Tallafin karatu akwai DAAD da Erasmus Mundus da Commonwealth, Chevening kuma sai kin yi aikin shekara biyu, duk ana rufe su watanni da yawa kafin a fara karatu.

Abin da zaki fara tun yau, ki samo shaidar matakin harsunanki, don cewa na iya baya wadatarwa. Ma'aunin iya harshe na Turai daga A1 yake zuwa C2, ki nemi takardar shaidar DALF a matakin C1 na Faransanci, da jarabawar Turanci ta IELTS in sun buƙata. Ki gyara rubutun Hausarki da Fulatancinki bisa ƙa'ida, da haruffa masu ƙugiya da raba kalmomi, jin harshe daban rubuta shi daban kuma nan ne masu fassara da yawa ke faɗuwa. Ki sauke ELAN da Praat, manhajojin rubutawa da nazarin maganar da aka naɗa, kyauta ne, ki nemi izinin mutum biyu ki naɗi hirarsu ta minti goma ki rubuta ta kalma bayan kalma, zaki ga awannin da zata ci miki, kuma daga nan zaki san ko bincike na jininki ne. Ki taɓa R ko Python, harsunan kwamfuta da ake sarrafa bayanai dasu, ko da kaɗan ne. In fassara ce ki koyi manhajar masu fassara ta OmegaT kafin ki kai ga irinta su Trados, ki fara tara aikin da kika yi wuri guda don ki samu abin nunawa.

Shi kuma tafintan ki gwada kanki cikin makon nan. Ki kunna jawabin Faransanci na minti biyar, ki saurara kina ɗan rubuta alamomi, ki mayar dashi Turanci da baki kina naɗar muryarki, sannan ki sake da Hausa. Ki bari sai washegari ki saurara tare da asalin jawabin ki ƙirga abin da kika zubar. In kin yi haka sau goma ki dawo ki faɗa min wanne yafi miki daɗi, wannan ko rubuta hirar nan ta minti goma, sai mu duba makarantun da suka dace, yayan naki ma ki nuna masa amsar nan.