Hanyar Gwanja da mu da muka zauna a ƙarshenta

Ɗana, tambayoyi biyu ka yi mini a zauren gidanku na Koki a zuwan da na yi biki, kuma hayaniyar jama'a ba ta bar ni na amsa maka yadda ya kamata ba. Ka tambaye ni ko akwai abin da zai sa mutumin Kano ya ɗauki jaka ya nufi Gana domin buɗe ido, sa'an nan ka sassauta murya ka tambaya ko mu 'yan Zangon Kumasi har yanzu za a iya kiranmu Hausawa. Amsar ɗaya ce, domin wuraren da zan ambata maka tarihin Kano ne da ya zube a kan hanyar fatauci, mu ne kuma muka zauna tare da shi.

Idan ka zo, kada ka tsaya a Akra da bakin teku kamar yadda baƙi suka saba, ka wuce arewa zuwa Salaga. Nan ne Gwanjar da tsofaffinku ke ambata. Ayarin Kano yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata, madugu na gaba da jagabansa, su ƙetare Kwara su bi ta Borgu, su yi watanni kafin su sauka a wannan gari, inda goron kurmin Asante yake jiransu. Yau Salaga gari ne mai shiru, amma rijiyoyinsa na nan birjik, waɗansu a haƙe cikin dutse, har ana yi masa kirari da garin rijiya dubu. Ba zan ɓoye maka ba, ba goro kaɗai aka sayar a kasuwar nan ba. Akwai wurin da har gobe ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke mutane kafin a kai su kasuwa, kuma ina ganin ya kamata kowane jikan fatake ya tsaya a wurin ya yi wa waɗannan bayin Allah addu'a. Kasuwar ta fara rauni bayan Turawan Ingila sun ci Asante a 1874, sa'an nan yaƙin basasar sarautar Gwanja na 1892 ya watsa 'yan kasuwa. A cikin waɗanda suka watse har da kakan mahaifina, wanda ya baro Kano yana saurayi mai kora jakuna, bai kuma sake ganin Dala ba.

Daga can ka gangara Kete Karachi saboda mutum ɗaya, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Karachi ya yi limanci da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da ajami a kan zuwan Nasara da halin talauci da wadata, almajiransa kuma sun bazu a zangunan ƙasar nan duka. Yana yi mini ciwo in ambaci sunansa a birnin da aka haife shi a tambaye ni ko wane ne. Tsohon garin ma ruwan tafkin Bolta ya cinye yawancinsa bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, don haka abin da za ka tarar sabon gari ne a bakin ruwa, da zuriyar malamai masu riƙe da tsofaffin takardu. Masallacin Larabanga, ginin laka fari mai itatuwa a jiki da bishiyar kuka a gefensa, kusa da gandun dajin Mole mai giwaye, shi ma ya cancanci ziyara, ko da yake ba Hausawa suka gina shi ba, kuma shi kowa ya san shi.

A Kumasi zan kai ka unguwannin Aboabo da Asawase da asuba, ka ji kiran salla yana tashi daga kowane lungu, ka ga mutanen gari sun yi layi suna sayen koko da ƙosai a hannun matanmu. Idan zuwanka ya dace da Akwasidae, bikin da Asantehene, wato Sarkin Asante, yake zama a fadar Manhiya duk bayan mako shida, za ka ga Sarkin Zango da rawaninsa cikin masu kai gaisuwa. Na ji waɗansu a can Kano suna cewa wannan rusunawa ce ga al'adar da ba ta Musulunci ba. Mu baƙi muka zo aka ba mu wurin zama, kuma gaishe da mai gari tarbiyya ce da muka taho da ita daga gida. Abin da ya shafi tsafinsu ba ma shiga, su ma ba su taɓa neman mu shiga ba.

Maganar aure ita ce ta fi yawa a bakinku, na sani. Kakata, mahaifiyar mahaifina, 'yar Asante ce, ta musulunta kafin a ɗaura mata aure, kuma a gabanta na koyi aikin goro. Takan zauna a kan 'yar kujera ta kwance huhu, ta ware marsa, wato manyan goro, gefe, minu, wato ƙanana, gefe, ta ɗaga kowane ƙwaya ta juya shi a haske tana neman hujin sangara, sa'an nan ta shimfiɗa sabon ganyen fita ta yayyafa ruwa da yatsunta. Goron da ya wuce ta hannunta yakan isa Kano da ɗanyensa. Su Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi da gado, mu kuwa ta wajen uba, saboda haka mahaifina ya tashi kowane ɓangare yana cewa nasa ne. Amfanin wannan ya bayyana a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Kawunnan mahaifina suka zo da kansu suka kwashe mu zuwa ƙauyensu cikin gonakin koko har ƙura ta lafa. Kakanka, da yake uwarsa Bahaushiya ce kuma ba shi da inda zai fake, ya sayar da kayansa a wulaƙance ya hau babbar mota, alhali a Kumasi aka yanke masa cibiya. Da ya iso Kano kuma sai aka laƙaba masa ɗan Gana, sunan da ya bi shi har kabari. Idan za a auna Hausancin gidanmu da jini, to sai a fara gaya mini gida nawa ne a cikin ganuwa da ba su da kaka Bafulatana ko Babarbariya ko Banufiya.

Harshe kuwa, ban musa ba, namu ya sauya. Yaranmu sukan ce "Amina ya zo", suna kuma cusa kalmomin Asante a tsakiyar magana, na kuwa ga yadda 'yan matan gidanku suka riƙa rufe baki da mayafi sa'ad da jikata ta yi magana. Ta yi kuka a daren nan, ta ce ba za ta ƙara buɗe baki a Kano ba. Ina so ka san cewa wannan Hausar da ake yi wa dariya ita ce Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Wangarawa suke ciniki da auratayya da wa'azi da ita a kowane zango, gidan rediyon ƙasar ma yana karanta labarai da ita. An yi fiye da shekara ɗari ana riƙe da ita a tsakiyar wani harshe, ba makarantar gwamnati da ke koya wa yaro ita. Yaranmu suna wanke allo, muna yin walimar sauka, wanzami yana zuwa ran suna, ana kai lefe, ana yin kamu, kuma har yanzu babba ba ya shigowa yaro ya gaishe shi a tsaye.

Ƙorafina a kanku ɗan kaɗan ne. Mu muna zuwa Kano duk lokacin da aka yi aure ko rasuwa, muna kwana a hanya muna ƙetare iyakar ƙasa uku, amma tun da kakanka ya dawo ba wanda ya taka daga gidanku ya ga kabarin mahaifinsa. Ka je Mariri ka tambayi dillalan goro, akwai waɗanda suka san hanyar Kumasi, za su haɗa ka da mota. Ka zo da rani, kafin ruwan sama ya ɓata hanyoyin arewa, ka kuma taho da mahaifinka idan ƙafarsa ta yi sauƙi, domin akwai tsofaffi biyu a Aboabo da suka yi makarantar allo tare da shi, kullum suna tambayata labarinsa.