Zauren Masu Karatu: Karatun gano matattu daga ƙasusuwansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam, wato anatomi, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ina shekarar ƙarshe. Ina son in ci gaba da karatu a fannin da ake tono gawarwakin da aka binne a ɓoye, a duba ƙasusuwansu domin a gane ko su wane ne da abin da ya same su. Mahaifina yana ganin hakan keta alfarmar mamaci ne, ƙawayena kuma suna cewa karatu ne marar kasuwa a ƙasar nan. Ina roƙon a bayyana mini yadda fannin yake da inda ake karanta shi.

Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kike magana a kansa fannoni biyu ne da suke tafiya tare. Na farko aikin mai tono ne, wanda ya karanci binciken kufai da kayan tarihi, aka kuma horar da shi ya yi amfani da wannan ilimi domin shari'a. Na biyu aikin mai karanta ƙashi ne, wanda ake miƙa wa abin da aka tono. Karatunki na yanzu ya fi kusa da na biyun, amma ina ba ki shawara kada ki raina na farkon, domin yawancin shaidar da ake asara a bakin rami ake asarar ta, tun kafin ƙashi ya isa ɗakin bincike.

Duk wanda ya haƙa rami ya mayar da ƙasa, ya gauraya ta sama da ta ƙasa, kuma wannan gaurayen ba ya ɓoyuwa ko da an shekara da yawa: launinsa daban, taushinsa daban, wurin yakan ɗan lotsa bayan damina, ciyawar da ke kansa ma takan saɓa da ta kewaye. Mai tono yakan kafa turaku ya ja igiya ya raba wurin gida-gida, sannan ya riƙa kwashe ƙasar kaɗan-kaɗan da cokalin gini da buroshi, yana tace ta a rariya saboda haƙori ko maɓalli ko kwanson harsashi. Ba ya ɗaga komai sai ya auna inda yake ya ɗauki hotonsa. Har bangon ramin yakan bi a hankali, domin sawun diga daban yake da na bakin katafila, kuma wannan kaɗai yana iya nuna wa alƙali ko mutum ɗaya ne ya yi haƙan cikin gaggawa ko kuwa masu iko da injuna ne suka shirya shi. A Sirebirenika ta ƙasar Bosniya, inda aka kashe maza Musulmi kusan 8,000 a watan Yulin 1995, masu kisan sun koma da katafila sun kwashe gawarwakin zuwa wasu ramuka domin su ɓatar da sawu, har aka riƙa samun sassan mutum ɗaya a kaburbura daban-daban. Irin ƙasar da tarkacen da suka biyo gawarwakin su suka haɗa sababbin ramukan da na asali a gaban kotu, gwajin ƙwayoyin halitta na DNA kuma ya mayar wa kusan mutum 7,000 sunayensu.

Shi kuwa mai karanta ƙashi, tambayarsa ta farko ita ce ko na mutum ne ko na dabba, domin ƙashin akuya ko na tunkiya yana iya ruɗar wanda bai ƙware ba ya zaci na yaro ne. Kin san baligi yana da ƙashi 206. Ƙashin ƙugu shi ya fi bambanta mace da namiji, saboda na mace ya fi buɗewa domin haihuwa. Shekarun yaro ana kintata su sosai daga haƙoransa da kuma bakunan dogayen ƙasusuwa waɗanda ba su gama haɗewa ba, amma da zarar mutum ya manyanta sai kintacen ya yi faɗi, ƙwararre na gaskiya ya ce tsakanin shekara kaza da kaza. Tsawon mutum kuma daga ƙashin cinya aka fi lissafa shi. Tsohuwar karaya da ta warke takan bar gaɓa, wadda uwa ko mata za ta iya tunawa da ranar da aka kai shi wurin mai ɗori, ɗanyen ƙashin da adda ta sara kuwa ba ya karyewa irin yadda busasshe yake karyewa a ƙarƙashin nauyin ƙasa.

Damuwar mahaifinki tana da tushe, kuma bai kamata ki ɗauke ta da wasa ba. Hadisi ya zo daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Sai dai malamai ba su haramta tono ba idan akwai larura, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi ya tono mahaifinsa wata shida bayan yaƙin Uhudu ya sake masa kabari shi kaɗai. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ma, a zamanta na 1987, ta halatta binciken gawa domin gano gaskiya a shari'ar kisa. Ki kuma tuna masa da hukuncin wanda ya ɓace a mazhabarmu ta Malikiyya: matarsa za ta kai ƙara, a yanka mata shekara 4 tana jira, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba ya wuce su a raye. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana riƙe da sunayen mutum fiye da 20,000 da iyalansu ke nema a Nijeriya, mafi yawansu sanadiyyar rikicin arewa maso gabas, mu nan ma a gabashin jihar Sakkwato da Zamfara mun san gidajen da aka ɗauke musu mutum zuwa daji ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanda ya iya tabbatar da cewa wannan ƙashi na wane ne, ya ba shi damar samun sutura da sallah, ya sauke wa matarsa zaman jiran da ba ta san ranar ƙarewarsa ba, ya kuma buɗe wa marayu hanyar gādo. Ku je tare wurin malamin da ya yarda da shi, ki shimfiɗa masa maganar a haka.

A yawancin ƙasashe ana shiga fannin ne a digiri na biyu, bayan an yi na farko a anatomi ko binciken kufai ko likitanci. A gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da jami'o'in Ibadan da Jos da Nsukka suna koyar da binciken kufai, kuma yana da kyau ki nemi bin ɗalibansu zuwa fagen tono ko da na ɗan lokaci ne, domin hannu ba ya koyon wannan aiki daga littafi. A waje, jami'o'in Dandi da Biradfod na Birtaniya sun yi suna, amma ni na fi karkata ga Afirka ta Kudu, inda Jami'ar Firitoriya da ta Wits a Johannasbag suke da tarin kwarangwal na 'yan Afirka waɗanda aka san shekarunsu da jinsinsu.

Dalilin wannan zaɓi shi ne babban giɓin da nake fata irinku za su cike. Lissafin tsawon mutum da aka daɗe ana koyarwa, wanda masana biyu 'yan Amurka, Trotter da Gleser, suka wallafa a 1952 da 1958, an gina mafi yawansa ne a kan gawarwakin sojojin Amurka, alhali ƙirar jikin al'ummomi ta bambanta, don haka ma'aunin can yana iya kuskure a kan Bahaushe ko Bafulatani ko Bazabarme. Haka ma ilimin yadda gawa take ruɓewa, an samo da yawansa ne daga filin gwajin da masanin ƙashi William Bass ya kafa a Jami'ar Tenesi ta Amurka a farkon shekarun 1980, wurin da ke da danshi da sanyin da ba mu da su. Zafin bazarar Sakkwato yakan haura digiri 40, iskar hunturu takan busar da nama, gara tana cin ƙashi, karnuka da kuraye suna warwatsa shi, zafi kuma yana lalata DNA da sauri. Ɗalibar da ta auna hotunan ƙashin da ake ɗauka a asibitin koyarwa, da izinin kwamitin da ke kula da haƙƙin marasa lafiya, ko ta bibiyi mushen tunkiya a bazara da damina da hunturu tana rubuta abin da ta gani kullum, za ta samar da abin da mai bincike a nan zai iya dogara da shi a gaban kotu.

Ƙawayenki suna da 'yar gaskiya, guraben aiki kaɗan ne. Yawancin masu wannan ilimi malaman jami'a ne waɗanda 'yan sanda ko kotu ko ƙungiyoyin agaji suke kira idan buƙata ta taso, kuma likitan binciken gawa ne yake sa hannu a kan musabbabin mutuwa, ke mai taimaka masa ce. Duk da haka kada ki karaya: jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017. Ƙungiyar Ajantina da ta fi kowace suna a wannan aiki, wadda masanin ƙashi ɗan Amurka Clyde Snow ya horar a 1984 domin neman waɗanda mulkin soja na 1976 zuwa 1983 ya ɓatar, da 'yan ɗalibai ƙalilan ta fara, daga baya ta yi aiki a ƙasashe da dama har da na Afirka.

Tambaya: Ni magini ne. Idan muna haƙan harsashin gini muka ci karo da ƙasusuwan mutum, wasu sukan ce a tattara a kai maƙabarta kawai. Hakan daidai ne?

Daga wani magini, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, niyyarsu mai kyau ce, amma a dakata tukuna. A tsayar da haƙa, kada a ɗaga komai, a ɗauki hoto da waya, a rufe wurin da buhu ko leda saboda rana da karnuka, sannan a sanar da mai unguwa da 'yan sanda. Kwanciyar da aka tarar da mamacin a kai ita ce shaida ta farko: wanda aka kwantar a gefen dama yana fuskantar alƙibla, a ƙaramin rami cikin babba, da alamar itatuwa ko tukwanen da aka jera a kansa, alama ce ta tsohuwar maƙabarta da gari ya cim mata, wanda kuwa aka tarar a dunƙule ko rub da ciki, da tufafinsa ko igiya a hannu, maganar hukuma ce. Idan kuma akwai tsofaffin tukwane ko duwatsun ado ko ƙarafa a tare da shi, musamman a kusa da kufai irin su Surame da Alƙalawa, sai a sanar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda take da ofishi a nan Sakkwato. Bayan masu bincike sun gama aikinsu, sai a nemi liman a mayar da ƙasusuwan maƙabarta yadda addini ya tanada.