Yayata ta ajiye maganin hawan jini saboda wata a TikTok

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayata ta daɗe tana shan maganin hawan jini. Kwanan nan ta fara bin wata mai koyar da motsa jiki a TikTok. Matar ta ce maganin asibiti guba ne, likitoci sun sani amma kamfanonin magani sun toshe musu baki, kuma tana sayar da wani gari wai na wanke jini. Yanzu Yaya ta ajiye ƙwayoyinta, har ta fara cewa kada a yi wa jikarta riga-kafi. In na yi magana sai ta ce ni ce ban waye ba. Yaya zan yi da ita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin komai, a auna jinin Yaya yau ko gobe. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau alhali yana ɓarna a ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma akwai magungunan da in an yanke su farat ɗaya jinin kan yi tashin da ya fi na da. In kika ga bakinta ya karkace, harshe ya yi nauyi, ɓarin jiki ya mutu, ko ƙirji na ciwo, ku nufi asibiti nan take.

Kada ki ɗauka wauta ce ta kama Yaya. Irin waɗannan masu shafukan ba da ƙarya suke farawa ba. Wata da watanni suna cewa a rage gishiri, a yi tattaki, a sami barci, duk gaskiya ne, mutum ya gwada ya ji daɗin jikinsa. Sai ya saba da fuskar, yana ganinta kullum, tana murmushi tana amsa saƙo, alhali likitansa bai fi minti kaɗan yake ba shi ba (laifin nan namu ne, ba na musu). Sai yarda ta zauna sannan a ce "ga abin da ba sa so ki sani". Daga nan duk wanda ya musa ya zama ɗan kanzagin masu ɓoyewa, har ke. Manhajar ita ma tana tura wa mutum irin abin da ya fi tsayawa kallo, kuma abin tsoro ya fi tsayar da ido. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna a 2018 cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa a Twitter nesa ba kusa ba.

Akwai wata 'yar Ostareliya, Belle Gibson, da ta yi suna a Instagram da cewa ta shawo kan kansar ƙwaƙwalwa da abinci da wasu hanyoyin da ba na asibiti ba. Ta fitar da manhaja, ta buga littafi, masu kansa na gaske suna bin ta. A 2015 ta amsa da bakinta cewa ba ta taɓa yin kansa ba, a 2017 kotu ta ci ta tarar dalar Ostareliya 410,000. Tsoron riga-kafin ƙyanda kuwa, babban tushensa wani rahoto ne da wani likita, Andrew Wakefield, ya buga a mujallar likitanci ta Lancet a 1998 kan yara 12 kacal, yana alaƙanta allurar da cutar galahanga (autism). An janye rahoton a 2010, aka soke lasisinsa a Birtaniya, kuma binciken da aka yi a Denmark kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Amma har yau ana ta jujjuya zancen a bidiyo.

Kamfanonin magani ba waliyyai ba ne. Purdue Pharma ya amsa laifi a kotun Amurka kan yadda ya tallata OxyContin, wani maganin rage raɗaɗi mai sa mutum ya kamu da jarabarsa. Sai dai kotu da 'yan jarida ne suka tono wannan da takardu a hannu, ba mai tallar gari ba. Wanke jini kuwa aikin hanta da ƙoda ne; in sun gaza, babu garin da zai maye gurbinsu, wani ma ƙara musu nauyi yake.

Kada ki zagi matar a gaban Yaya, don kare ta za ta yi. Ku zauna ku kalli bidiyon tare, ki tambaye ta a hankali: wace guba ce, mene ne sunanta? Me ke cikin garin, wa ya gwada shi? Me ya sa kowane bidiyo yake ƙarewa da inda za a tura kuɗi? Ki kuma tambaye ta abin da ya dame ta da maganin tun farko. Sau da yawa akwai jiri, ko tari, ko yawan fitsari, ko kumburin ƙafa da ba ta faɗa wa kowa ba, kuma duka ana iya canza mata wani maganin. Ki raka ta wurin likitanta, ku tafi da ƙwayoyin da ta ajiye da robar garin da katin riga-kafin jikar, a duba su gaba ɗaya.