Tsohuwar saba za ta yi wasa?

Tambaya: Malam, na samu tsohuwar saba (server, babbar kwamfuta mai yi wa wasu kwamfutoci hidima) mai Xeon E5-2650 v2 da araha a Kasuwar Dole. Za ta yi mini wasan kwamfuta? Daga wani ɗalibi, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ƙanena, za ta yi, amma ba haka ziƙau ba. Wannan Xeon ɗin, wato furosesan da ke sarrafa aikin kwamfutar, na 2013 ne, ƙwaƙwalwa takwas gare shi, sai dai ba ya fitar da hoto da kansa. Dole ka nemo katin hoto, ko da GTX 1060 na hannu ne. Ni da na gwada, fankokinta ƙara suke kamar injin niƙa, har uwargida ta kore mu zaure! Don gudun ƙarar, cire Xeon ɗin da RAM ɗin DDR3 (ma'ajiyar aikin kwamfuta), ka sa su a babban allon kwamfuta (motherboard) na X79 wanda zai karɓe su. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu kuwa, riƙa kakkaɓe kwamfutar.