Wane rufi ne bai cika ɓata muhalli ba?

Ɗana, tambayar da ka yi wai tsakanin kwano da alminiyam da tayil wanne ya fi sauƙin illa ga muhalli, ni dai abin da nake fara dubawa shi ne shekara nawa rufin zai yi a saman gida kafin a sake cire shi.

Ɗauki alminiyam. Wajen yin sa daga farko akwai ɓarna sosai, sai an haƙo ƙasar boksait wajen tan 4 kafin a samu tan 1, ga uban lantarkin da narka shi ke sha. Amma in tsoho aka sake narkawa, wajen kashi 5 cikin ɗari na wannan wutar kawai zai ci, shi yasa kake ganin ina faɗa in kun watsar da guntayen da muka yanke a shara, a tara su a ba masu sayen gwangwan su koma kamfani. Tayil na siminti yana daɗewa kam, sai dai yin siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, kuma ga nauyi, dole ka ƙara katako a ƙarƙashi, wata bishiyar kenan ta tafi. Na kwalta da aka fi sakawa a Amurka kuwa shekara 20 zuwa 30 ya gama aiki, yawancinsa juji ake kai shi.

Toh inda mu abin ya shafe mu kai tsaye shi ne kauri da aikin hannu. Mai gida ya ɗauko kwanon nan mai laushi da kana taka shi yake loɓawa, ka zo ka kafa ƙusa a kwarin da ruwa ke bi, ko ka sa ƙusar ƙarfe zalla a jikin alminiyam, ai damina kaɗan wajen ya fara cinyewa yana yoyo, katako ya ruɓe, a sake sayen wani a sake sare wani katakon. Kwano mai kauri da aka ɗora sau ɗaya da ƙusar da ta dace mai roba a wuya ya fi wanda za a canza sau uku, ko da wane irin kaya aka yi shi.

Sai launi, mutane na son baƙi da ruwan ƙasa don kyau, amma baƙin rufi da rana tsaka yana iya kai digiri 65, fari ko mai ƙyalli kuwa yana iya yin ƙasa da haka da fiye da digiri 25. Kaga ɗakin da ke ƙarƙashin baƙin sai fanka da AC sun kwana suna aiki shekara da shekaru. In mai gida ya nace kan baƙin, ka roƙe shi a sa silin mai kyau a bar wajen da iska zata riƙa fita.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne tsohon asbesto. Ingila ta hana shi gaba ɗaya tun 1999, Tarayyar Turai 2005, saboda ƙurarsa na jawo kansar huhu, kuma ciwon sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye yake bayyana. In aka kira ka cire shi kar ka kuskura ka sa masa giranda, wato injin yankan nan, ko ka jefo shi ƙasa ya farfashe, ka jiƙa shi da ruwa, ka sa takunkumi na gaske ba ƙyalle ba, ka kwance ƙusa ɗaya bayan ɗaya a sauke shi lafiyayye a naɗe a leda mai kauri, kayan da ka yi aikin da su ma kar ka shiga da su cikin iyali.