Fasa bulo da bugun gaske: amsoshin tambayoyinku kan karate

Wasiƙun wannan watan daga Maraɗi da kewaye kusan duk a kan karate suke, musamman irin wanda ake bugun gaske ba taɓi ba. Mun zaɓi huɗu da suka tattara abin da sauran ke tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. A wani taron matasa na ga wani mai baƙar ɗamara, wato ƙwararren ɗan karate, ya jera falankin siminti biyar ya fasa da gefen hannu, aka kuma karya sanda a cikinsa bai motsa ba. Abokaina sun ce asiri ne irin na ƴan tauri. Ni kuwa na ce wanda ya iya haka babu ɗan damben da zai tsaya gabansa. Wa ke da gaskiya? (Ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanenmu, daga kai har abokanka kun kauce wa zancen. Babu asiri a ciki, kuma fasa falanki ba ya nuna mutum zai yi nasara a faɗa.

Ga yadda abin yake. Ana ɗora falankin a kan bulo biyu, ɗaya a kowane gefe, tsakiyarsa a sarari. Idan duka ya sauka a tsakiya sai falankin ya ɗan lanƙwashe, ƙasansa ya miƙe, kuma daga ƙasan nan tsagewar ke farawa. Kankare yana jure danni ƙwarai, amma ƙarfinsa wajen jure miƙewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa magini ke sa rodi a rufin kankare, kuma shi ya sa falankin nuni ba shi da rodi ko ɗaya. Sai kuma yadda aka haɗa falankin. Buhun siminti mai kilo 50 da aka fitar da bulo 30 daga cikinsa daban yake da wanda aka matsa aka fitar da 60, kuma kankare sai ya kwana 28 ana ba shi ruwa yake kai cikakken ƙarfinsa. In ka sake ganin irin wannan nuni, ka duba tsakanin falankan. Idan akwai fensir ko ƴan guntayen katako da suka raba su, to ɗaya bayan ɗaya suke karyewa, na sama na faɗa wa na ƙasa. Biyar da aka raba sun fi uku da aka manne sauƙi nesa ba kusa ba.

Katako ma haka ne. Wanda aka saba amfani da shi farin katako ne busasshe, faɗinsa kamar santimita 30, kaurinsa 2 zuwa 2 da rabi, kuma ana dukansa ne ya rabe bisa layin jijiyarsa, yadda mai faskare ke bin tsagin icce. Ka juya shi a gicciye, ko ka kawo jan katako ɗanye, hannu ne zai karye. Sandar da aka karya a cikinsa kuwa, tsakiyarta ake bugawa a kan tsokar da ya ɗaure, nauyin kan sandar da ya wuce gaba shi ke ƙarasa karya ta.

Duk da haka kada ka raina mai yin. Masu binciken da suka auna hannun ƙwararru sun samu yana gudun mita 10 zuwa 14 a daƙiƙa guda lokacin da yake sauka, kuma idan sauri ya ninka biyu, ƙarfin da duka ke ɗauke da shi ninkuwa huɗu yake yi. Dole ya nufi bayan falankin ba fuskarsa ba, ya saki nauyin jikinsa gaba ɗaya, kuma kada ya ji tsoro. Mai jin tsoro yakan rage gudu a ƙarshe, falankin ya ƙi karyewa, dukan ya dawo cikin ƙashinsa. Abin da nunin ke tabbatarwa ke nan: saiti, sauri da ƙarfin zuciya. Amma falanki ba ya gocewa, ba ya ramawa, ba ya kama ƙugu. Ɗan dambe yana yin na farko da na biyu, ɗan kokawa yana yin na uku.

Tambaya: Malamai, ina son in shiga karate don kare kaina, saboda ina dawowa daga kasuwa da dare. Na ji an ce akwai na maki, akwai na bugun gaske. Wanne ne yake aiki a faɗa na zahiri? (Wani ɗan tireda, Sabon Gari)

Amsa: Malam, Allah ya tsare hanya. Karate daga tsibirin Okinawa ya fito, Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922, kuma daga koyarwarsa salon Shotokan ya samo asali. A gasar maki ana son ka kai duka da sauri da tsabta, ka janye kafin ka yi rauni. A wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, a wasan ƙarshe na masu nauyi, Tareg Hamedi na Saudiyya ya hauri Sajad Ganjzadeh na Iran har ya suma, sai aka hukunta mai haurin, aka ba wanda ya suma zinare. Dokarsu ke nan.

Na bugun gaske, wanda ya fi shahara shi ne Kyokushin, da Masutatsu Oyama ya kafa ƙungiyarsa a 1964, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 1975. A can babu safar hannu. Ana naushin ƙirji, ciki da haƙarƙari da cikakken ƙarfi, ana haurin cinya, ana sa gwiwa, ana haurin kai. Wanda aka kayar ya kasa tashi cikin daƙiƙa 3 an gama da shi. Abu biyu aka hana da suka shafi tambayarka: naushin fuska, da riƙe abokin karawa.

Abin da wannan horo yake bayarwa na gaske ne. Mutumin da ya saba shan duka duk mako ba ya rufe ido, ba ya juya baya, numfashinsa ba ya sarƙewa idan an taso masa, kuma yawancin mutane a nan suke faɗuwa tun kafin a kai ga batun iya duka. Yana kuma da makami guda da ba kowa ya san maganinsa ba, wato haurin cinya. Da ƙwauri ake yin sa, ba da bayan ƙafa ba. Kana juya ƙafar da ka tsaya a kanta har dunduniya ta kusa fuskantar abokin karawa, ƙugu ya biyo, ƙwaurin ya sauka a wajen cinya kamar taƙi ɗaya sama da gwiwa. Biyu ko uku masu kyau sun isa su hana wanda bai saba ba taka ƙafar. Inda ake samun matsala shi ne idan ya ɗaga gwiwa ya tare, siririn ƙasan ƙwaurinka ya haɗu da kaurin saman nasa. Haka shahararren ɗan wasan faɗa Anderson Silva ya karya ƙafa a 2013. Saboda haka ba a sakin haurin shi kaɗai, sai an fara shagaltar da mutum da hannu.

Raunin salon kuma daga dokarsa ya fito. Tun da ba a naushin fuska, ɗalibai kan saba ajiye hannu a ƙirji, su tsaya gaba da gaba, haɓa a buɗe, kai ba ya motsi. A titi kuwa, ko a filin dambe, fuska ake fara nema. Andy Hug ɗan ƙasar Suwizalan yana cikin manyan gwanayen Kyokushin, amma a gasar K-1 ta 1994, inda ake sa safa a naushi fuska, Patrick Smith ya gama da shi cikin daƙiƙa 19. Sai da ya zauna ya gyara hannunsa sannan ya lashe gasar a 1996. Idan irin wannan gwani ya buƙaci gyara, sabon shiga ya fi buƙata.

Shawararmu ita ce ka nemi malamin da ɗalibansa ke karawa da juna a zahiri, ko wane salo yake koyarwa, ka je ka zauna ka kalli atisaye kafin ka biya ko dala. Sau ɗaya ko biyu a mako a sa safar dambe mai kauri da robar haƙori, a yi karawa da naushin fuska a hankali, ƙarfi bai wuce kashi uku cikin goma ba. Karawa mai zafi sau ɗaya a mako ta isa. Sannan kada ka tsallake abin da ke ƙofar gidanka. Garin da ya fitar da Kantu bai rasa ƴan kokawa ba, kuma wata shida kana koyon yadda za ka ƙi faɗuwa, da yadda za ka ɓamɓare hannun da ya riƙe maka riga, zai toshe rabin giɓin da karate ya bari. In kuwa wuƙa ka gani, ba da wayar, ba da kuɗin, ka tsira da ranka. Babu ɗamarar da ke tare ƙarfe.

Tambaya: Wani ya ce mini in riƙa naushin bango sau ɗari kullum, in kuma murza kwalba a ƙwauri don hannu da ƙwaurin su daina jin zafi. Yanzu mako biyu ke nan bayan hannuna na dama ya kumbura wajen ƙaramin yatsa. In ci gaba? (Matashi, Tibiri)

Amsa: Ka tsaya yau ɗin nan, ɗanmu. Dunƙule hannun ka duba. Idan ƙullin ƙaramin yatsan ya nutse bai fito kamar na hagu ba, ko yatsan yana hawa kan na kusa da shi, to alamar ƙashin bayan hannun ya karye ne a wuyansa, karayar da aka fi samu ga mai naushin abu mai tauri. Je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja ko ya ɗaure maka. Takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta haɗe, kuma idan ta haɗe a karkace riƙon hannun ba ya komawa daidai. Kada ka sha tiramol don ka ci gaba da atisaye, domin zafin nan shi ke gaya maka inda ya lalace.

Dalilin karayar shi ne da ƙullin yatsu biyu na ƙarshe ka buga. Naushi da ƙullin manuniya da na tsakiya ake yi, wuyan hannu a miƙe sak da damtse, babban yatsa a waje ya danne sauran. Bango kuma ba ya ba da kai ko kaɗan, alhali allon da mutanen Okinawa ke duka, makiwara, katako ne mai lanƙwasa da aka naɗe kansa da igiya. Murza kwalba ba ta ƙara wa ƙashi komai, fata kawai take ɓatawa.

Idan ka warke, ɗinka buhu mai ƙwari ka cika shi da tsummokara da garin katako, ka sa yashi a ƴan ƙananan ledoji a tsakiya, nauyinsa duka kilo 25 zuwa 30. Kada ka cika shi da yashi zalla, don yakan taru a ƙasa ya daskare. Fara da naushi 20 zuwa 30 marasa ƙarfi a kowane hannu, hauri 20 a kowace ƙafa, sau uku a mako da hutun kwana guda a tsakani. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne cikin watanni, a lokacin hutu, ba a ranar dukan ba. Duk ranar da fata ta fashe ko gaɓa ta kumbura, a dakata har ta sace.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara 9 ta nace sai ta shiga karate tare da yayanta. Ina tsoron rauni, ga zafin garin nan. (Wata uwa, unguwar Zariya)

Amsa: Hajiya, ki bar ta ta shiga, amma da sharaɗi. Ƙarshen ƙasusuwan yaro guringuntsi ne da bai gama ƙosawa ba sai ya haura shekara goma sha, rauni a wurin kan iya karkatar da girman gaɓa. Don haka babu fasa katako, babu taurara hannu, babu duka a kai ko kaɗan. Karawarsu da kariyar ƙirji da ta ƙwauri za a yi, da yara masu nauyi ɗaya. Malamin da ya ce yarinya mai shekara 9 ta fasa bulo a gaban baƙi, ki ɗauke ɗiyarki. Batun sutura ba matsala ba ne, hukumar karate ta duniya ta amince da ɗankwalin gasa tun 2013. Idan tana da sikila ko asma, a fara ganin likita.

Yayan nata ma ki sa masa ido. Duk ranar da ya sha duka a kai ya dawo da jiri, ciwon kai ko mantuwa, babu atisaye sai likita ya sallame shi, kuma wanda ya suma ko na ɗan lokaci ne, dokar damben zamani dogon hutu take ba shi. Amai a kai a kai, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, asibiti ne a daren.

Zafi kuwa, daga Maris zuwa Mayu Maraɗi kan wuce digiri 40, kuma kimono, wato rigar karate, mai kauri yana riƙe gumi. A yi atisaye bayan asuba ko dab da magariba, a inuwa, a tsaya shan ruwa duk minti 15 zuwa 20. Idan yaro ya yi gumi sosai, a dama masa lita guda ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara layi, ko maganarsa ta rikice, a cire masa rigar, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita har a kai shi asibiti.