Yadda Scorpion da Sub-Zero suka zama 'yan'uwa

Malam, ka tambaya yadda aka yi Scorpion da Sub-Zero suka zama wa da ƙani a wasan bidiyo na faɗa Mortal Kombat 1 na 2023, alhali ka san su abokan gaba.

A tsohon labarin, Scorpion shi ne Hanzo Hasashi. Bi-Han, Sub-Zero na farko, ya kashe shi, matsafi Quan Chi kuma ya hallaka iyalinsa. Da Hanzo ya dawo a matsayin fatalwa ya rama ta hanyar kashe Bi-Han, sai Bi-Han ya koma fatalwa mai suna Noob Saibot, ƙaninsa Kuai Liang ya gaji shuɗiyar rigar Sub-Zero. To, bayan Mortal Kombat 11, jarumin wasan Liu Kang ya sake tsara duniya daga tushe, shi ya sa yanzu Kuai Liang ne cikin rawayar rigar Scorpion, wansa Bi-Han kuma shi ne Sub-Zero.

Ni dai ina kewar Hanzo ƙwarai, ramuwar gayyarsa ce ta riƙe tsohon labarin.